Injin Malam Gide Ya Sha Sabulu

Ranar da Suwaibatu ta fara ganin Maharazu, lebura ta ɗauke shi, har da ɗan faɗa ta yi masa.

Shekarar da aka buɗe karatun firamare kyauta ce. Yara sun cika ajinta a Faskari har bakin ƙofa, alli kuwa ya ƙare tun mako na uku. Da ta gaji da rubutu da gawayi, sai ta shiga motar Rabo direba ranar kasuwar Ƙanƙara, don an ce mata a bayan garin akwai ramukan farar ƙasa wadda ke rubutu a allo kamar alli.

A bakin ramin farko ta tarar da wani mutum ya yi fari fat tun daga suma har ƙafa. Yana tsugune, yana zuba ƙasa a 'yan ƙananan ambulan yana rubuta musu lamba.

"Malam, sannu da aiki," ta ce. "Don Allah in ka gama wasa da takardun nan, ka haƙo mini mai laushi marar tsakuwa. Mota ba jira na za ta yi ba."

Ya ɗago ya dube ta, idanunsa kaɗai ke da baƙi a fuskar. Sai ya miƙe. Ya ɗauki diga ya shiga rami, ya cika mata buhu, ya saɓa a kafaɗa ya biyo ta har tasha, tana gaba tana ce masa ya ɗaga ƙafa.

Rabo na hango su ya saki baki. "A'a! Injiniya, yau kai ne da dako?"

Suwaibatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mutumin ya ajiye buhu ya yi murmushi, farar ƙasa na zuba daga girarsa.

"Sunana Maharazu, daga jami'a nake, can Zariya. Malama, in an yi rubutu da ƙasar nan gobe, a sa yara su yi mini addu'a."

Bayan kwana tara sai ga shi a ƙofar gidansu a kan wani tsohon babur, ya yi wanka tas, yana riƙe da kwalin alli na gaske. Wai ya zo ne ya ji ko ƙasar ta yi rubutu. Daga Ƙanƙara har Faskari don jin labarin alli! To, haka dai ya faɗa, ita ma ta nuna ta yarda.

Gidan su Suwaibatu gida ne na mutum biyu. Mahaifiyarta ta rasu tana aji uku a kwalejin horon malamai, mahaifinta Malam Gide kuma bai sake aure ba. Injin niƙansa na manne da katangar gidan, shi ke ci da su, shi ne kuma mai magana a gidan daga safe har magariba. Da an kashe shi sai shiru ya sauko, ita da Baba su ci tuwo kowa da tunaninsa. Ƙawayenta duk sun yi aure sun koma zancen goyo da yaye. Ba ta da wanda za ta ba labarin yininta, kuma abin na damun ta.

Shi ma ashe tafiyarsu ɗaya. Ɗan manoma ne daga Ruwan Godiya, ya karanta aikin injiniya na harhaɗa sinadarai. Lokacin kuɗin mai ne, ana ta sayen Fijo da rediyo mai kaset, abokan karatunsa duk sun wuce Legas da Fatakwal aikin kamfanonin mai. Shi kaɗai ya tsaya bincike. Ya kama ɗakin ƙasa a Ƙanƙara kusa da ramuka, daga shi sai kwalabe da risho.

Duk Juma'a bayan la'asar yakan zo zance, su zauna a zaure da tazarar tabarma tsakaninsu.

"Wai me kake nema a cikin ƙasar nan, Mai Alli?" Sunan da ta laƙaba masa ke nan.

"Mai nake so in yi wa inji daga angurya, Malamata. Man angurya yana da kauri, inji ba ya iya shan sa. Amma in na gasa farar ƙasar nan, na haɗa ta da tokar karan dawa, sai ta zama wata hoda. Hodar ce ke shiga tsakanin man da sifirit ta sasanta su, su koma mai tsinkakke irin man gas. Ita kuma ta ja gefe, ba ta ragu da komai ba."

"Ashe dai mai dalilin aure ce."

Ya yi dariya har hularsa ta zame. "Shekara biyu ina yi wa malamaina bayani, ban taɓa faɗa da kyau haka ba."

"Amma ƙasa na ambaliya da man fetur, kai kana matsar angurya. Ba a yi maka dariya?"

"Ana yi. Har kawuna ma ya ce ko aljanu ne suka shafe ni." Ya gyara hularsa. "Ina dai gani ne, man nan daga nisa yake zuwa mana, ranar da bai zo ba sai gari ya tsaya. Auduga kuwa a bayan gidanmu take."

"Ni ban yi dariya ba," ta ce, idonta na kan tabarma.

Idan ya koma Zariya yin gwaji a jami'a, Rabo ke kawo mata wasiƙa, ya miƙo ta ta tagar mota yana kawar da kai kamar bai san abin da ke ciki ba.

"Malamata,
Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Baba. Jiya kwalba ta goma sha bakwai ta rabu gida biyu, mai garau a sama, dauɗa a ƙasa. Na zuba a ɗan ƙaramin injin makaranta, ya tashi. Na juya in gaya wa wani, sai na ga ba kowa a ɗakin sai ni. Na ce da Suwaiba na nan, da ta ce, to madalla, sai a je a wanke fuska. Na yi ta dariya ni kaɗai har mai shara ya leƙo. Ina kewar ki ƙwarai.
Naki, Mai Alli."

Ta karanta sau huɗu, sannan ta mayar da amsa a takardar da ta yago daga littafin darasi.

"Mai Alli,
Na yi murna, har yara suka tambaye ni abin da ya same ni. In ka rasa wanda za ka gaya wa, ka rubuto, ni ina da wurin ajiya. Kuma da gaske, a je a wanke fuska.
Malamarka."

Ba shi kaɗai ne mai nema ba. Akwai Lawwali, ɗan garin, mai tankar mai biyu da sabuwar Fijo. Mutumin kirki ne, ba ya da abin zargi, sai dai zancensa ba ya wuce farashin taya. Malam Gide ya fi natsuwa da shi, amma bai hana Maharazu zuwa ba. Yakan dai ce, "Yaron nan yana da ladabi, sana'arsa ce ban gane ba."

Abin mamaki, ƙasa na iyo cikin mai, amma a azumin da ya biyo baya man gas ya ɓace a Funtuwa, inda 'yan Faskari ke sayo shi. Aka yi kwana biyu injin Malam Gide na kwance, mata na zuwa da kwanukan wake da gero suna komawa. A rana ta uku sai ga Maharazu da garwa ɗaure a bayan babur.

Suwaibatu na leƙe ta jikin zana lokacin da mahaifinta ya sunkuya ya shinshina man.

"Ka tabbata ba shi ɓata mani inji?"

"Na tabbata, Baba. Na gwada."

Ya gwada kam, amma a kwalba, a Zariya, da bazara, da sabon mai. Wannan kuwa garwa guda ce da ya dafa cikin gaggawa a ɗakinsa na Ƙanƙara, ana tafka ruwan Agusta, da man da ya samo a kasuwa. So yake ya burge suruki, ba wani abu ba.

Inji ya tashi. Ƙamshin tuya ya cika unguwa, mata suka yi ta guɗa, wata ta ce yau injin ma ƙosai yake toyawa. Aka yi rabin awa ana niƙa. Daga nan ya fara tari, ya yi wata jijjiga, ya mutu murus. Da bakanike ya kwance matacin mai da famfo, sai ga wani abu mai yauƙi ruwan toka ya toshe ko'ina. Ya lakato, ya ɗiga ruwa, ya murza a tafin hannu. Kumfa ta tashi.

"Malam Gide," ya ce da ƙarfi, "ai injinka sabulu ya sha!"

Kafin a sha ruwa maganar ta zaga Faskari. Waken da mata suka jiƙa don buɗa baki ya yi tsami a layi, suka kwashe kwanukansu suna mita. Dattijon da ya yi shekara ashirin ba a taɓa nuna shi da yatsa ba, ya zama abin dariyar majalisa. Lawwali ne ya kawo babban bakanike daga Funtuwa da duro guda na man gas, aka yi kwana huɗu kafin inji ya dawo hayyacinsa.

Bayan Sallah Malam Gide ya kira ta tsakar gida.

"Ba ni yi maki dole, Suwaiba. In ba ki son Lawwali, ba ki son shi. Amma yaron can kada shi sake taka mani ƙofa. Kuma ki shirya ki tahi Sabuwa wurin Yaya Hajaratu, na yi magana a maida ki makarantar can, har bakin mutane shi mutu."

"Baba, kuskure ne ya yi."

"Na san abin da ya yi."

Ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, ta haɗa kayanta a akwati.

Goggo Hajaratu, yayar mahaifinta, sana'arta sabulun salo. Gidanta a gefen Sabuwa yake, kullum cikin hayaƙi da warin toka. Tsohuwa ce mai faɗa da baki, mai taushin zuciya, amma da an yi isha ta yi barci. Suwaibatu ta san kaɗaici a Faskari, sai dai na Sabuwa ya fi shi nauyi, don a da ba ta san akwai wanda zai iya sauraron ta ba. Yanzu ta sani, kuma ba ya nan.

Duk ranar kasuwa motar Rabo kan bi ta Sabuwa, takan tsaya bakin hanya bayan an tashi makaranta ko da wasiƙa. Rabo ya rage gudu, ya girgiza mata kai, ya wuce. Haka aka yi wata biyar. Tun tana neman wa Maharazu uzuri har ta fara jin haushinsa.

Lawwali ya zo sau biyu da Fijonsa. A zuwa na biyu, yana juya makullin mota a yatsa, ya ce, "Na ji an ce Injiniyan naki ya tafi Legas, kamfanin mai sun ɗauke shi. Ba don in ɓata shi na faɗa ba, wallahi. Ina dai ganin jiran ya isa."

"Na gode, Malam Lawwali. Ka yi wa Baba alherin da ba zan manta ba. Amma kada in ɓata maka lokaci, zuciyata ba ta wurin."

Ya tafi ba tare da fushi ba. Ita kuwa ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Wata Asabar Goggo ta aike ta kasuwa sayen man da za a dafa sabulu. Suwaibatu, don ta kyauta, ta zaɓo sabon mai garau wanda aka matse a makon. Goggo na gani ta riƙe haɓa.

"Ke ɗiyar nan, karatun naku bai kai nan ba? Wa ya ce maki da sabon mai ake sabulu? Sabon mai taurin kai gare shi. Tsoho ake nema, wanda ya kwana biyu har ya hwara ɗaci, shi ke kama toka nan da nan. Miƙo mani ruwa in ƙara."

"Ruwa kuma, Goggo? A cikin mai?"

"To da mi? Toka busassa ba ta cin mai, sai da ruwa. Shi ya sa nike son damina. Da damina ko ban jiƙa ta ba, in na bar ta buɗe kwana biyu, da kanta take shan sanyin ɗaki ta yi laushi."

Muciyar da ke hannun Suwaibatu ta tsaya cak. Tsohon man kasuwa, toka, ɗakin ƙasa, ruwan Agusta. Ashe duk abin da Goggo ke nema don sabulunta ya kama, shi Maharazu ya tara a garwa guda ya kai wa Baba.

"Juya mana, zai kama gindi!" in ji Goggo.

Ta yini tana faɗa da kanta. Mutumin da ya yi wata biyar bai tuna da ita ba, ita ce za ta fara rubuta masa? Da la'asar dai ta zauna ta rubuta, ta sa adireshin jami'a, ta ce in ya tafi ma wani ya amfana.

"Malam Maharazu,
Ba don in tuna maka da kaina na rubuto ba. An ce kana Legas, Allah ya sa alheri. Ga abin da na gani a tukunyar Goggo. Mai sabulu tsohon mai take so, da ruwa, da tokar da ta sha sanyi. Kai da ba sabulu kake so ba, sai ka guje wa ukun nan. Ka nemi sabon mai. Ka ɗora shi a wuta, duk mai tuya ta san in akwai ruwa a mai yana tsartsatsi, ka bar shi har ya yi shiru. Hodarka kuma da ta fito daga wuta ka rufe ta ruf, kada ta kwana a buɗe. In ka gama, ka wanke man da ruwan ɗumi kamar yadda ake ɗauraye tufa, har ka ga ba kumfa, ka sake busar da shi.
Wata biyar ina tsayawa bakin hanya ranar kasuwa. Wannan ba ya cikin binciken, na dai faɗa ne.
Suwaibatu."

Mako biyu bayan haka Rabo ya taka burki tun daga nesa, yana ɗaga ambulan ta taga yana washe baki.

"Malamata,
Na je Legas, gaskiya ne. Sun ba ni aiki, na ce su ba ni lokaci, na dawo Zariya ina zaune da takardar ban san abin yi ba. An gaya mini an sa ranarki da Lawwali, na ce ya fi ni cancanta. Amma ba wannan ne ya hana ni rubutu ba. Kunya ce. Baba ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata, alhali ban tabbata ba. Na kasa ɗaukar biro in rubuta wa 'yarsa.
Maganar ruwa da tsohon mai tana cikin littattafanmu, gaggawa ce ta rufe mini ido. Amma ban taɓa kawo wa raina hodar na shan danshi a ɗaki ba, wata biyar ina zargin farar ƙasar. Na auna, ke da Goggo kun yi daidai. Jiya na yi garwa guda, ko ɗigon kumfa babu. Na mayar wa mutanen Legas takardarsu.
Ki yafe mini tsayuwar bakin hanya. Ni ma kullum ina tsaye, a inda ba mota ke wucewa ba.
Naki har kullum, Mai Alli."

Ta zauna a kan turmi ta karanta, hawaye na zuba tana dariya. Goggo ta leƙo daga cikin hayaƙi.

"Wanga mai sabulun ne?"

"Shi ne, Goggo."

"To, ko ba komai abokin sana'ata ne. Bari a yi hutu, ni zan tahi in ga Gide."

Daga nan wasiƙu suka dawo. Ya sami wani tsohon injin niƙa a makaranta, yana ba shi man yana rubuta awa nawa ya yi. Awa goma, awa talatin, har sittin, inji bai yi ko tari ba. Kowace wasiƙa rabinta lissafin awa, rabinta kewa.

Da hutun bazara Goggo ta sa ta gaba har Faskari. Abin da yaya da ƙane suka tattauna a ɗaki, Suwaibatu ba ta ji duka ba, ta dai ji muryar Goggo na cewa, "Kai ba ka taɓa kuskure ba, Gide? In tuna maka?" Da suka fito Malam Gide ya ce, fuska a ɗaure, "Shi zo ranar Laraba da man nashi."

Ranar Laraba da hantsi rumfar inji ta cika. Wanda ya zo niƙa da wanda ya zo kallo, har da bakaniken bara, ya zo da ruwa a buta wai ko za a buƙaci wanka. Suwaibatu na bayan zana, Goggo na gefenta a kan kujera. Maharazu ya sauke garwa, ya durƙusa ya gai da dattijon. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Malam Gide ya sa aka tsiyaye man gas daga tanki, ya nuna wani buhun masara.

"Ga inji, ga buhu. Zuba man naka. In ya niƙe buhun nan bai tsaya ba, ka turo magabatanka. In ya tsaya, kowa shi kama gabansa."

Zuciyar Suwaibatu ta yi fari. Buhu ɗaya ai ko awa guda ba zai kai ba, man da ya yi awa sittin. Ta damƙe hannun Goggo.

Maharazu ya buɗe garwa. Man ya yi garau kamar tataccen zuma. Ya ɗaga ta har bakin tanki, ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke ta ƙasa, ya mayar da murfi ya ɗaure.

"Baba, ba zan zuba ba."

Rumfa ta ɗauki hayaniya. Suwaibatu ta dafa zana. Wata takwas na jira, ga ƙofa an buɗe masa, shi da kansa yana rufewa.

"Tsoro kake shi tsaya?" in ji Malam Gide.

"A'a, Baba. Zai tashi, zai niƙe buhun nan har da wani. Amma awa sittin kawai na gwada shi. Injinka kuwa kullum yake aiki, shekara da shekaru. Ban san abin da man nan zai yi wa famfo da robobinsa bayan wata uku ba, ban kuma san abin da yau ɗin nan zai bari a ciki ba. In ya niƙe buhun, mutanen nan za su ce an gama, alhali ba a gama ba." Ya ɗago ya dubi dattijon. "Bara na ce maka na tabbata, don ina son ka ba ni Suwaiba. Yau ina son ta fiye da bara. Amma ba zan sake yin gwaji da abincin gidanka ba. Ka yafe mini na bara, shi na fi zuwa nema."

Ya sunkuya ya ɗauki garwarsa, ya juya wajen babur. Suwaibatu ta toshe baki da mayafi kada kukanta ya fito.

"Aje garwar nan," Malam Gide ya ce.

Ya ajiye.

Dattijon ya dubi jama'a, sannan ya dube shi. "Kai kana zaton inji ne ya ɓata mani rai bara? Inji kwana huɗu aka yi aka gyara shi. Dariyar mutane ma ta wuce. Abin da ya tsaya mani, na dubi idonka na tambaye ka, ka hwaɗa mani abin da nike son ji. Ɗiyar nan ba ta da uwa, ni kuma na kusa. Wanda zan damƙa mashi ita, in bai sani ba, ina son shi iya cewa bai sani ba, ko da zai rasa abin da yake so." Ya share ido da bakin rawani. "Ka gaya ma kawunka ina jiran shi Juma'a."

Maharazu ya zube a ƙasa ya kama ƙafar dattijon. Bayan zana Goggo ta rangaɗa guɗa, Suwaibatu ta faɗa jikinta tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

Da la'asar aka bar su su gaisa a zaure.

"Ka kusa kashe ni yau, Mai Alli," ta ce, idonta a kumbure.

"Ni ma na kusa mutuwa, Malamata. Hannuna na son zubawa, na ce in na zuba, da wane ido zan dube ki shekara hamsin?"

"Da Baba ya bar ka ka tafi fa?"

"Ban sani ba."

Ta yi dariya cikin hawaye. "To, ya isa haka, kada ka mayar da ita waƙa."

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Gide. Mutanen Ruwan Godiya suka zo mota biyu, masu haƙar ƙasa na Ƙanƙara suka zo a ƙafa da keke, Lawwali ma ya zo, shi ya ba da Fijonsa aka ɗauki amarya. Binciken bai ƙare ba a lokacin, tsohon injin makaranta na can yana ta cin awoyinsa, ango na rubutawa.

Da za a fita da ita, Malam Gide ya riƙe hannun 'yarsa a bakin zaure ya daɗe bai saki ba. Sannan ya kamo hannun Maharazu ya ɗora a kai.

"Ga ta nan. Ita kaɗai gare ni. Allah shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari, shi sa ku riƙa gaya ma juna gaskiya ko tana da ɗaci."

Jama'a suka amsa da amin, mu ma muna tayawa. Allah ya albarkaci wannan aure, ya sa kowane mai kaɗaici ya sami abokin zama na ƙwarai.